Rantsuwar Baba Dafallah a Hanyar Madani

Wad Madani,
Juma'a, 23 ga Ramadan.

Zuwa ga Kawu Mamuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Yaya ibada, yaya zafin Haɗeja? Allah ya karɓi azuminmu, ya nuna mana ƙarshensa lafiya. Saudatu ta gaya mini ciwon gwiwar nan ya sake tashi har ka koma yin tarawihi a zaune. Don Allah Kawu a riƙa shan maganin sau biyu a rana kamar yadda likita ya rubuta, ba sai ranar da ciwon ya matsa ba. Na yi murna da jin Inna ta warware daga zazzaɓi, da kuma labarin haihuwar Yaya Rakiya, Allah ya raya Mu'azzam bisa sunna. Ni nan lafiyata ƙalau. Na hau ma'auni ranar Lahadi na tarar na ƙaru da kilo biyu, a cikin azumi kuwa, don haka a gaya wa Inna ta daina cewa yunwa nake sha.

Na zaɓi in rubuta maimakon in kira, domin a waya ina rikicewa in tsallake abu, kai kuma ba ka son labari rabi-rabi. Ka tuna alkawarin da muka yi lokacin da na gama karatu a Khartum na ce zan tsaya in koyar da Turanci a nan. Ka ce ka yarda da gwajin wata ukun da cibiyar koyar da Turancin ta ba ni, amma idan har Sallah ta zo ba su tabbatar da ni ba, in tattaro in dawo in karɓi gurbin da ka nema mini a makarantar sakandare. Na amsa, kuma ban manta ba ko kwana ɗaya. To an yanke maganar ranar Talatar da ta wuce, ga yadda aka yi.

Shugaban cibiyarmu, Ustaz Tajussir, mutumin kirki ne amma ba ya wasa da lokaci. Yana da agogon hannu wanda ba ya ɗaurawa, a gabansa yake ajiye shi a kan tebur. Malamin da na gaji ajinsa latti ne ya kore shi, sau uku kacal. Ɗalibaina manya ne, su goma sha tara, yawancinsu ma'aikatan jinya da masu haɗa magani da ke son wucewa aiki ƙasashen waje, kuma da azumi an mai da darasinmu ƙarfe takwas bayan isha'i. Ustaz Tajussir ya ce ranar Talata zai zauna a bayan aji ya ga koyarwata daga farko zuwa ƙarshe, in kuma zo masa da takardar shaidar digirina mai hatimi, daga nan ya yanke hukunci. Ranar karɓar takardar a Khartum ita ma Talatar ce. Na zauna na yi lissafi: kilomita ɗari da tamanin da shida, awa uku a bas, in na taso biyu da rabi zan iso biyar da rabi. Na yi kwana huɗu ina shirya darasin, na yanka katunan koyarwa arba'in da biyu na jera su a kan gadona, ina dawowa sai wanka da ɗauka.

Na san hanyar nan da azumi, mutanen ƙauye kan tare motoci su sauko da matafiya shan ruwa, shi ya sa na so in wuce ƙauyukan Jazira tun rana na sama. Amma bas ɗin bai tashi ba sai uku da minti ashirin, bayan mun wuce Kamlin kuma tayar baya ta fashe, muka ɓata minti hamsin. Ƙarfe shida da 'yan mintoci, saura kilomita sittin da biyu mu shiga Madani, na hango abin da nake gudu. Mutane sun fito bakin titi da fararen jallabiyoyi, biyu daga cikinsu sun kwance rawani sun miƙe shi daga wannan gefe zuwa wancan, wani dattijo kuma yana tsaye a tsakiyar kwalta ya ɗaga hannu. A gefe tabarmi ne a jere, ana ta fito da tire-tire daga gidaje. Direbanmu bai ko yi gardama ba, ya kashe mota ya ce duk wanda ke sauri ya sauka ya yi wa tsohon bayani da kansa, shi yana da 'ya'ya ƙanana.

Na kira Ustaz Tajussir sau uku bai ɗauka ba, da ma ba mai ɗaukar waya gab da shan ruwa, sai na tura masa saƙo. Na sake lissafi. Idan muka zauna, da ci da salla da shayi da kofi, ba za mu tashi ba sai bayan bakwai, ni kuwa ko katunana ba zan samu ɗaukowa ba. Ina cikin haka sai ga wata ƙaramar mota ɗauke da ƙanƙara za ta Madani. Ita kaɗai suka yarda ta wuce, don kada kayan su narke, suka miƙa wa direban dabino da ruwa ta taga. Na ruga na roƙe shi, ya buɗe mini ƙofa. Ƙafata ɗaya tana ciki na ji an riƙe jakata ta baya. Dattijon nan ne, wanda na ji suna kira Baba Dafallah. Ya tambaye ni ko an yi mini rasuwa ne, na ce a'a. Ko matata ce ke naƙuda, na ce ban yi aure ba. Ya ce to me ya rage a duniya da zai sa mutum ya tsallake tuwo? Na yi masa bayanin aikina tiryan-tiryan, har da yawan kilomitocin. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya rantse cewa in na bar wurin nan ban ci abincin gidansa ba, to matarsa Hajja Batul ta saku.

Kawu, shekara huɗu da rabi ina jin wannan rantsuwa a bakin mutanen nan, a kan kofin shayi, a kan wanda zai fara shiga ƙofa, kuma na san yawanci a baki take tsayawa. Mai ƙanƙara ma dariya ya yi, ya ce Ustaz shigo mu tafi, wannan tsohon tun ina yaro yake sakinta, ga ta can har yau tana tuƙa masa tuwo. Baba Dafallah ya juya ya ce masa, kai mai sayar da ruwan da ya daskare, tana nan ne domin ba a taɓa samun marar kunyar da ya karya mini rantsuwa ba. Wannan amsa ita ta kama ni. Na duba ta kowane gefe ban ga inda zan ƙaryata shi ba. Ba ni da wata hujja cewa tasa rantsuwar ta wasa ce, kuma ban ga yadda zan tsaya gaban aji ina koyar da gaisuwa da ladabi alhali na baro auren shekara arba'in a kan kwalta ba. Na tuna gurbin Haɗeja, na ce a raina ashe dai Kawu ne zai yi nasara. Na janye ƙafata, motar ta tafi ina kallon ta.

Aka kira salla, muka sha hilu-mur mai sanyi, jan abin shan nan nasu na azumi, muka ci asida, wato tuwonsu, da miyar busasshen nama. Baba Dafallah ya zaunar da ni kusa da shi yana ta turo mini kwano, yana cewa ci ɗana, Turanci ba ya shiga kan ɗalibi in cikin malami babu komai. Ya ce in shugaban nawa ya kore ni in dawo, suna da yara sittin da akuya ɗari, in zaɓi waɗanda zan fara koya wa. Ni dai ina ci ina duba agogo, har miya ta ɗiga mini a gaban riga. Da za mu tashi, bakwai da minti goma, sai aka fito mini da wani kwano mai murfi an ɗaure shi da ƙyalle, wai saƙo ne daga Hajja Batul. Ta ce a gaya wa Ustaz ta gode, amma ita shekara da shekaru tana jiran wanda zai ƙi sauka ko ta huta da tuƙin asida, ga shi ni ma na ba ta kunya. Ta ce kwanon kuma aro ne, da ƙafata zan mai da shi.

Daga tasha raksha na hau, wato keke mai ƙafa uku, kai tsaye zuwa cibiya, ban biya ta ɗaki ba. Na shiga aji takwas da minti ashirin da huɗu, ba kati ko ɗaya, riga da tabon miya, takardar digiri a hannun dama, kwano a hagu. Ɗalibai duka suna zaune, Ustaz Tajussir yana baya, agogonsa a kan benci. Na ga ba abin da ya rage mini sai gaskiya. Na ajiye kwanon a tebur na ba su labarin da Turanci mai sauƙi, a hankali. Ban kai ƙarshe ba aji ya kaure. Siddig, wani mai haɗa magani, ya ce ai mutanen wannan ƙauyen ba su iya tare hanya ba, a garinsu da duwatsu ake yi. Na ce masa ya maimaita da Turanci. Ya yi ta fama har ya faɗa, kowa ya fahimta.

A nan ne dabara ta zo mini. Na sa aka jera kujeru biyu-biyu kamar cikin bas, na ari rawanin Siddig muka miƙe a gaban allo. Rabin aji suka zama fasinjoji masu sauri, kowa da uzurinsa, rabi suka zama mutanen gari da dole su sauko da su, kuma duk wanda ya yi Larabci ya fita daga wasan. Na rubuta musu jimloli shida na gayyata da shida na ba da haƙuri a allo, sauran na bar musu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Awadiyya, wadda mako goma sha biyu ban taɓa jin ta haɗa kalma biyar a jere ba. Ita ce ta tsaya a gaban rawani ta hana kowa wucewa. Wani ya ce shi likita ne ana jiran sa, ta ce masa majinyacin ma yanzu abinci yake ci. Da fasinjoji suka ƙare sai ta nufi bayan aji ta tsaya a kan Ustaz Tajussir da kansa. Ya ce shi baƙo ne yana kallo kawai. Ta ce ita ba ta da matar da za ta saka, amma in bai taso ba za ta gaya wa tasa matar ya ƙi abincin mutane. Ya taso, Kawu. Muka buɗe kwanon Hajja Batul, dabino ne da dafaffen wake, kowa ya samu.

Bayan an tashi ya kira ni ofis. Ya tambaye ni lattin minti nawa na yi, na ce ashirin da huɗu. Ya ce agogonsa ashirin da biyu ya nuna, na ce na fi amincewa da nawa domin da safe na daidaita shi. Ya rubuta ashirin da huɗu a fayil ɗina, ya ce latti latti ne, saura biyu. Daga nan ya ce ya ga saƙona tun bakwai saura, kuma yana zaune ne yana jiran ya ga ko zan tsaya ko zan tsallake. Ya ce da na bi mai ƙanƙara na iso a kan lokaci, labarin malamin da ya tsallake rantsuwar dattijo zai riga ni shiga Madani, kuma ba ɗalibin da zai sake sakin baki a gabana. Ya ce katunan da na yanka in ajiye su, za su yi amfani wata rana, amma shi abin da ya daɗe yana nema shi ne wanda zai sa Awadiyya magana. Ya karɓi takardar digirin ya duba hatimin, ya turo mini yarjejeniyar shekara biyu. Na karanta ta sau biyu kafin in sa hannu, yana ta tsokanata wai ko so nake in gyara musu Larabcin.

Saboda haka Kawu, ina neman izininka in zauna. Sharaɗin da ka gindaya ya cika kwana goma kafin Sallah, kuma na haɗo maka kwafin yarjejeniyar a cikin ambulan ɗin nan, shafi uku ne, ka ba Malam Isiyaku ya karanta maka wurin da na ja wa layi. Ina roƙon ka yi wa shugaban makarantar godiya a madadina, a ba wani gurbin tun da wuri kada a riƙe shi saboda ni. Ba raina ƙoƙarinka na yi ba, Allah ya sani. Na daɗe ina tsoron cewa in babu takarda a hannuna ba zan iya tsayawa gaban mutane ba, ranar Talata na ga zan iya. Hutun farko a yarjejeniyar yana watan Disamba, kwana ashirin da ɗaya, kuma a gida zan yi shi in Allah ya yarda.

A gaishe mini da Inna ƙwarai, a ce mata ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida Gwaggo Asabe, da Yaya Rakiya da maigidanta da jariri, da Saudatu da Lawandi, da Malam Isiyaku da mutanen masallacin ƙofar gida. In kun kira ni ranar Sallah kuka ji hayaniya, kada ku damu, ina ƙauyen Baba Dafallah ne. Zan mai da kwanon, na wanke shi sau biyu na ɗaure da ƙyallensa. Na riga na gaya wa Ustaz Tajussir cewa washegari ban san lokacin da zan dawo ba, domin a wannan gida ba ni ke riƙe da agogo ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka mai biyayya,
Nafi'u