Tabarmar Ajin Fiziks

Tsibiri, watan Yuni

Baban tagwaye,

Gaisuwa mai yawa daga ni da yaran, da fatan ruwa na kwance inda kuke, gwiwarka kuma tana barin ka ka yi barci. Mu nan lafiya, sai gajiya. Damina ta kankama, kifin da muke shanyawa kullum cikin kwasa da mayarwa muke, bayana har ya daina ƙorafi don ya ga ba mai saurarensa.

Jiya na bar aiki na je taron iyaye a makaranta. Kai da ka yi karatu lokacin da ake jefa wa kowa littafi iri ɗaya, bari in yi maka bayani yadda aka yi mini. Yanzu kafin yaro ya shiga aji biyu na babbar sakandare, shi zai zaɓi darussan da zai yi, kuma da abin da ya zaɓa jami'a za ta auna shi. Wato yaron da bai san inda ya jefa safarsa ba, shi ake tambaya abin da zai zama.

Nayun ta zaɓi fiziks. Ka san ta, tun tana firamare injiniya take kira, kuma duk jami'ar da take hari sai ta ga fiziks a takardarta. To amma makarantarmu ba ta buɗe aji sai an kai mutum goma, su kuwa tara ne. Maki na ɗaya kuma, wanda shi kaɗai jami'o'in Seoul ke ɗaga ido su kalla, mutum ɗaya cikin goma ake ba. Dole sai an samu masu zama a ƙasa kafin wani ya hau. Yaran suna da sunan da suke kiran irin waɗannan: tabarma. Suna faɗa suna dariya.

Da aka tashi na tsaya na tambayi Malam Ryu, malamin ajinsu, yadda za a yi. Ya yi ta juya alƙalami, can ya ce, "Ni ban ce komai ba fa, Maman Nayun. Amma ai biyu gare ki."

Gyutae ya zaɓi Japananci, kuma lokaci ɗaya ake yin su da fiziks. Ka tuna rediyon nan naka da ke kamo tashoshin tsallaken ruwa, wanda muke yi masa faɗa ya kashe? Ashe da shi ya koya. Shi kaɗai ne abin da ɗanka ya taɓa zuwa na ɗaya a ciki. Malam ya ce in ya riƙe shi, akwai jami'a a Busan da za ta iya ɗaukarsa karatun tafinta. In ya saki, sauran makinsa ba sa kai mutum ko bakin ƙofa.

Ban faɗa wa ko ɗayansu ba. Ka gaya mini abin da zan yi. Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci da zafinsa.

Matarka,
Eunsil

Cikin ruwa, watan Yuli

Maman tagwaye,

Na gaishe ki, na gaishe da yarana. Wasiƙarki sai da jirgin kawo mana mai ya iso na same ta, na karanta ta a tsaye, da ƙarnin kifin tuna a hannuna. Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ki.

Tabarma! Kai, yaran yanzu da baki. Na karanta wa mai dafa mana abinci, ya ce in haka ne shi shekara ashirin yana tabarma a jirgin nan, ba wanda ya ba shi ko maki na biyar, na can ƙasa.

Ni dai a ganina ɗan'uwa ya taimaki 'yar'uwarsa ba abin kunya ba ne. Yarinyar tana da kai. Shi kuwa yare ai ko a titi ana koyonsa, ga shi ma a rediyo ya tsinta. Amma ke kike gida, ke kike ganin fuskokinsu. Abin da kika yanke na yarda. Ki tambaye shi dai a hankali, kada ki tilasta masa.

Ki shafa wa bayanki magani. Sai na ji daga gare ki.

Naki,
Seongpil

Tsibiri, ƙarshen Yuli

Baban tagwaye,

Bayan gaisuwa. Na ga amsarka. "Ke kike gida." Sannu da ƙoƙari. Shekara nawa ke nan nake gida, kai kana yarda daga nesa?

Kada ka ɗauka kai tsaye na tafi wurin yaron. Sai da na bi duk wata hanya. Akwai ajin fiziks na haɗin gwiwar makarantu a cikin gari, amma kafin a tashi jirgin ƙarshe na tsibiri ya tafi. Na bi iyaye ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ma ga-maciji. A wurin shanya na tari Maman Junseo, wadda ɗanta ba abin da ya sani sai ƙwallo. Ban ma rufe baki ba ta ajiye faranti.

"A'a, tsaya. Ɗana kike so in shimfiɗa wa 'yarki ta taka zuwa Seoul?"

Na ce, "Haba Yaya, ai shi ko ina ya zauna ƙasa yake."

"To ƙasan da ya zaɓa da kansa zai zauna. Ke ba ki da tabarma a gidanki ne kike aro?"

Matan wurin suka kwashe da dariya. Bakina ne ya ja mini, na sani. Kafin yamma maganar ta zaga tsibirin, har ta riga ni isa gida.

Na sami Nayun tana wanke shinkafa. Ba ta juyo ba ta ce, "Umma, ni ban roƙi kowa ba." Na ce na sani. Na jira ta ce kada a yi. Ta ci gaba da wanke shinkafar har ruwan ya yi fari fes. Ban ga laifinta ba. Yarinyar nan rabonta da barci mai kyau tun shigarta makarantar, gashinta har zuba yake a matashi.

Da muka zauna cin abinci na tambaye shi, a hankali kamar yadda ka ba da umarni daga tsakiyar teku. Na yi masa dogon bayani, ina ta kewaye-kewaye. Ya katse ni.

"Fiziks ɗin Nayun ko? To."

Na ce, "Ka yi tunani dai."

"Umma, na ce to. Miƙo mini kimchi."

Washegari ya je ofishin malamai ya canza. Na yi zaton zan ji sauƙi. Yaron da ya yi sati yana gaba da ni a kan takalmi, shi ne ya ba da wannan a tsakanin loma biyu. Tsoro nake ji, kuma ban san na mene ne ba. Rediyon ma ya nannaɗe wayarsa ya ɗora a kan kabad.

Na gaji, Seongpil. Ka huta lafiya.

Eunsil

Cikin ruwa, watan Agusta

Maman tagwaye,

Ina gaisuwa. Ba wasa a wannan wasiƙar.

Na karanta taki sau da yawa, kullum a wurin "to" ɗin nan nake tsayawa. Da ya yi rigima ya fasa kwano, da na ce a bar shi a fiziks ɗin. Wanda ya amsa kafin a gama tambaya, ya daɗe da sanin za a tambaye shi.

Ki je ki mayar da shi Japanancinsa. Nayun ta koma garin Jinju wurin ƙanwata, makarantun can ajin fiziks ɗinsu cike yake. In ya kama in ƙara shekara a ruwa, zan ƙara. Wannan karon ban ce ke kike gida ba, ni na yanke. Ki yi haƙuri da waccan amsar tawa.

Ki gaishe su, shi da kyau.

Naki,
Seongpil

Tsibiri, watan Satumba

Baban tagwaye,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso ranar Litinin. Na sa ta a aljihu na tafi makaranta da takalmin aiki a ƙafata. Malam Ryu ya ba ni kujera, ya kawo mini shayi, a nan na san babu labari mai daɗi.

Babu ajin Japananci. Su ma goma ne cif. Da Gyutae ya fita suka koma tara, aka soke ajin, malamar da ke zuwa daga gari ta koyar da su kuma an riga an ba ta wata makaranta. Ni da nake ƙirga 'yan fiziks har cikin barci, ban taɓa tambayar 'yan Japananci nawa ba ne.

Saura ka ji ƙarshen. Yaran nan tara sai da aka raba su a sauran azuzuwa, huɗu suka faɗa fiziks don babu wuri a ko'ina. Yanzu ajin ya cika ya batse. Malam ya ce, yana kallon tebur, "In Gyutae yana son fita yanzu, ba abin da zai taɓa ajin." Na ce ya fita ya tafi ina? Sai ya ƙara mini shayi.

Iyayen taran nan ba sa amsa gaisuwata. Ɗaya ta tare ni a bakin jirgi ta ce, "Tabarma ɗaya kika nema, kika nannaɗe da 'ya'yan mutane." Gaskiya ta faɗa.

Na yi wa Nayun maganar Jinju. Ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun tana ƙarama, ta ce in ta tafi yanzu, to don me aka yi duk wannan? Ba za ta ba. Don haka kada ka ƙara ko wata ɗaya a ruwa, ka dawo lokacin da ka ce.

Shi kuwa yana ci, yana zuwa makaranta, yana ɗauko mini kwandunan kifi ba sai na roƙa ba. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya rubuta maka da kansa, ga ta nan na haɗa da tawa, ban buɗe ba.

Bikin girbi na kaka ya matso, za mu je kabarin su Baba mu yi shara a madadinka. Ka zauna lafiya.

Matarka,
Eunsil

Baba,

Ina gaishe ka. Ya gwiwa?

Umma ta ce ka ce a mayar da ni. Na gode. Kada ka yi mata faɗa, ba ta san mu goma ba ne. Ni na sani. Na ɗauka wani zai tambaya kafin in kai ofis.

An ba mu littafin fiziks na baɗi. Yana da nauyi. Nayun ta ce za ta riƙa koya mini kullum bayan cin abinci, har ta share mini gefen teburinta. Na ce ta koya mini daidai misali, kada in zo in wuce ta mu yi asarar biyu. Wasa nake yi, amma ba wanda ya yi dariya.

Ka dawo lafiya.

Ɗanka,
Gyutae