Gadon da Na Rage wa Tsawo

Litinin, 3 ga Fabrairu
Yau ma matar ɗana ta je asibiti an ɗura mata maganin nan ta jijiya, na kumburin hanjinta. Da cikin wata bakwai! Na ce a dakata sai ta haihu. Ɗan nawa ya ce, "Baba, likita ta ce in ta daina, ciwon ya tashi, shi ne haɗarin." Likita ta ce. Ni da na yi shekara hamsin ina kafinta ban san abin da ke lalata abu tun yana ɗanye ba. Don ban zauna a aji ba.

Asabar, 1 ga Maris
Sun ce in yi gadon jariri. Na yi, amma na rage masa inci takwas. Ɗan da ya sha wannan magani tun a ciki, ina zai kai? Ba na ɓarnar katako. Tsohuwata, wato uwargida, ta ce, "Kai dai baƙin halinka ko a zarto sai ya fito."

Alhamis, 10 ga Afrilu
Mace. 'Yar siririya. Na sa mata suna Ƙusa, uwar ta ji ta kawar da kai.

Asabar, 12 ga Afrilu
To, ga shi nan. An yi wa jikan tela maƙwabcina allurar rigakafi, tamu an ce akwai guda da ba za a yi mata ba sai ta kai wata shida, wai da sauran maganin uwar a jininta. Na ce da ɗana, "Me na gaya maka?" Ya ce jira ne kawai, ba cuta ba. Matarsa ta shige ɗaki, na ji tana jan hanci. Ni ban faɗi ƙarya ba.

Laraba, 14 ga Mayu
Tunda ba su san ciwon kansu ba, na fito da bencin aikina bakin ƙofa. Duk mai tari ba ya shiga. Yau na mayar da ƙanwar tsohuwata, ta zo tana ƙoƙ-ƙoƙ da ledar kayan jarirai. Ta ce, "Yaya, yaushe ka zama maigadi?" Na ce tun da kika zama injin niƙa. Na karɓi ledar, na rufe ƙofa.

Lahadi, 6 ga Yuli
Duk Lahadi ina auna Ƙusa da tef ɗina, in zana a jikin katako. Shaida nake tarawa. Sai dai zanen ba ya tsayawa inda nake so.

Talata, 14 ga Oktoba
An yi mata allurar. Ni na riƙe ta. Ta tsala ihu, ta damƙi gemuna har na ga taurari. Likitar, yarinya ƙarama da tabarau, ta ɗora ta a sikeli, ta auna tsawonta, ta ce, "Baba, jikarka ta fi katinta na asibiti kyau." Na ce na riga ki sani, ni ma ina aunawa. Ta tambayi adadin, na faɗa, ta duba nata. Daidai, ko ɗigo babu! Ta yi dariya ta ce da ta ɗauke ni aiki. Na gaya wa tela wannan sau uku, har ya ce kunnensa ya cika.

Alhamis, 18 ga Disamba
Ƙafafunta sun tokare ƙarshen gadon. Uwar ta zo rumfata ta tsaya, hannu a baya. "Baba, Ƙusarka ta fi ƙarfin gado." Ita ma ta iya gatse. Na ɓalle katakon, na ƙara inci goma sha biyu. Tsohuwata na tsaye tana dariya har da riƙe bango. Su yi. Tsawon nan na gidanmu ne, ubana sai ya sunkuya yake shiga ɗaki.

Juma'a, 17 ga Afrilu
Ta taka! Daga benci zuwa gwiwata, taku huɗu, ta ƙwace fensir daga kunnena. Jikan tela har yanzu rarrafe yake. Shekara guda, mura biyu kacal, na rubuta su.

Litinin ce ranar maganin uwarta. Na zana a bangon rumfa, don ɗana mantuwa gare shi. Kujerun asibitin nan kuma ba kafinta ne ya yi su ba, awa biyu a kai sai bayan mutum ya ƙage. Na haɗa mata ɗan abin ɗora ƙafa. Ragowar katakon gadon ne, kar ya lalace a banza.