Kaskin da ke Akwatin Hagu

Tawa, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Kadidiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun koma Bambeye lafiya. Ya ƙafar taki, ya mutanen gida da dabbobi? Allah ya saka muku da alheri a kan zaman makokin da kuka yi mini. Ni lafiya, sai kewa. Ki kai wa maƙwabciyarki Safi wannan takarda ta karanta miki, kada ki ba kowa in ba ita ba.

Yaya, ranar sadakar bakwai na gane. Kina cikin ɗaki tare da mata, ni kuwa ina leƙe ta taga. Sabo ƙanen marigayi maigidana da Ciɗo makanike suna tsaye a kan babban babur ɗin nan a tsakar gida, suna neman takardunsa. Akwatin da ke gefen babur ɗin na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi. Suka danna, suka girgiza, har Sabo ya ce a kawo ƙarfe a ɓalle. Sai ɗiyar nan taki ta aje tiren abinci, ta zo ta tokare murfin da gwiwa, ta ɗaga maɓallin da yatsa biyu. Ya buɗe. Ko kallon hannunta ba ta yi ba. A ciki akwai kaski shuɗi, hular kwanon nan ta masu babur, bai kai na marigayi girma ba. Ta rungume shi, ta juya wa mutane baya ta yi kuka, sannan ta mayar ta rufe.

Na ce ɗiyarki don haka bakina ya saba. Ni na haife ta, ke kika yaye ta. Tana da shekara biyu na miƙa miki ita da hannuna, don Allah bai ba ki haihuwa ba, ita kuma 'yar farina ce, ko ta zauna a gabana ba zan kira sunanta ba, ba zan yi mata wasa ba. Haka Inna ta yi da ke, haka na yi da ita. Biyun da suka biyo ta ba su zauna duniya ba, amma ban taɓa cewa ki maido ta ba. Kyauta ba a karɓe ta.

Shekara goma sha bakwai ina riƙe da wannan kunya, ina zaton mu biyu muke riƙe da ita, ni da marigayi. A gaban mutane shi ma ba ya faɗar sunanta. Duk Lahadi sai ya ce mini injin babur kamar doki yake, in bai yi doguwar tafiya ba sai ya yi ciwo. In ɗumama masa tuwo, ya fita, ya dawo da la'asar da rairayi a takalmi yana murmushi shi kaɗai. Ashe gidanki yake zuwa.

Hannun da ya san wannan murfi ba sau ɗaya ya buɗe shi ba. Ki faɗa mini gaskiya, Yaya, tun yaushe?

Ki gaishe da maigidanki. Ƙanwarki,
Rahama

Tawa, 27 ga Maris

Zuwa ga Yaya Kadidiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya zafi, ya jikin? Na ji an ce rijiyarku ta ja baya, Allah ya kawo sauƙi. Ban ga amsarki ba, amma ba zan iya jira ba.

Ciɗo ya zo tayar da injin don kada batir ya mutu. Ina takaba, don haka daga bayan labule na yi masa magana. Na tambaye shi abin da na tambaye ki. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce tunda mai sirrin ya tafi, sirrin ya zama maraya.

Ya ce in tuna ƙaramin babur na farko, wanda marigayi ya saya da ya dawo ci-ranin Abijan. A kan tankinsa ɗiyar taki take zama, tana riƙe da madubai, har barci take yi a nan. Da ƙafafunta suka fara taɓa injin, sai ya sauya mai doguwar kujera, yana ɗaure ta a bayansa da rawani yana zagaya garinku da ita. Da ta shiga lise, babbar sakandare, ta zama budurwa, sai ta fara jin nauyin riƙe shi a ƙugu, ta daina hawa. Ciɗo ya ce wata uku marigayi bai yi dariyar kirki ba. A nan ne ya sa aka nemo masa wannan ƙato daga tashar jiragen ruwa, wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, don kujerar bayansa tana da majingini da wurin riƙewa a gefe, mutum ya zauna daram ba sai ya taɓa na gaba ba.

Kin tuna yadda Tawa ta yi masa dariya? Aka ce ya sayo bijimi mai fitila. Babur na kwalta a ƙasar duwatsu da rairayi! In ya faɗi sai maza uku sun ɗaga. Ni ma na yi dariyar, na ce da ya ƙara taya biyu da mun sami mota. Ciɗo ya zauna yana yi mini bayani kamar mai wa'azi, wai irinsa da can jakunkunan fata ake rataya musu, daga baya aka mai da su akwatuna masu makulli, aka ƙara garkuwar gaba mai tare iska da ƙura, aka sa rediyo, aka sa allo mai nuna hanya, har da giyar komawa baya saboda nauyi. Ina jinsa, amma abin da nake gani shi ne duk wani abu da aka ƙara, ita ta more shi. Garkuwar ta tare mata ƙura. Rediyon ya yi mata waƙa. Ya juyo mini allon in gani ta gefen labule. Wuri biyu kawai marigayi ya aje a ciki, nan gida da ƙofar gidanki.

Da ina jin haushin babur ɗin nan. Ya wanke shi da sabulun da nake wa kaina rowa, ya lulluɓe shi da bargon aurena. Sau ɗaya ya ce in hau, na ce sai ka ce yarinya, me mutane za su ce. Bai sake tambaya ba. Yanzu ban san wa zan ji wa haushi ba. Ke kin ga fuskarsa yana wasa da ɗiyarsa, ni matarsa ban taɓa gani ba. Shi kuma, Allah ya jiƙansa, ya zame ya bar ni ina gadin kunyar ni kaɗai, ya je ya kwashe soyayyar duka. Ranar gaisuwa yarinyar ta durƙusa ta yi mini ya haƙuri kamar yadda ake yi wa maƙwabciya, ta tashi ta kwantar da kai a cinyarki. Ina takabar mijina ina kishin mamaci, Yaya. Ki roƙa mini gafara.

Kwana biyar ina gwada murfin nan da gwiwa, jiya ya buɗe. A cikin kaskin ta rubuta sunanta da biro, ta ja masa layi biyu. Yana ƙanshin man gashinta.

Sabo ya ce akwai mai saye daga Ƙwanni. Na ce ko madubi ba za a cire ba sai na fita takaba.

Taki har kullum,
Rahama

Tawa, 20 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Kadidiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da iyali. Amsarki ta iso ta hannun direban kasuwa, na gode, na kuma ji duk abin da kika ce. Na yarda shi ya roƙe ki kada ki faɗa mini, don yana jin kunyata, ni da na iya riƙe abin da shi ya kasa. Ban riƙe ki a zuciya ba. Kin yi mata tarbiyyar da ba zan iya biyanki ba.

Amma Yaya, na tsaya aji shida ne kawai, ban makance ba. Rubutun takardarki shi ne rubutun cikin kaskin. Ba Safi ke karanta miki ba. Da na gane haka sai na zauna a ƙasa, na tuna duk abin da na rubuta. To, ya riga ya fita. Ki yi haƙuri, sauran maganar ba taki ba ce, ta mai karantawa ce.

Ke mai karatu, na ga layin da kika ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kin ce kin gode da kilishi da atamfa da littattafan da nake aiko miki a akwatin dama duk Lahadi, wai babanki yana cewa in ji innarki ta Tawa. Zan iya yin shiru ki ci gaba da gode mini. Ba zan yi ba. Ban aiko miki ko allura ba. Ban ma san yana zuwa ba. Shi ya saya, shi ya sa sunana a kai. Abin da na yi kawai shi ne, duk wanda ya zo daga Bambeye sai in tambaye shi gero da awaki da lafiyar kowa, in yi ta zagaye ko zai ambace ki da kansa. Haka aka koya mini so, kuma na iya shi sosai har ya cuce ni.

Takabata za ta ƙare a farkon damina, washegari Sabo zai zo da mai saye. In Yaya ta yarda, ki zo kafin nan. Ki karɓi kaskinki. Ki nuna mini inda ake sa ƙafa a hau kujerar bayan nan, ko da injin a kashe. Ki ba ni labarin abin da yake faɗa miki a hanya, ni ma in ba ki wanda ba ki sani ba.

Ina gaishe ku duka da kyau.

Zahara. Ga shi na rubuta. Har yanzu ban faɗe shi da baki ba.

Wadda ta haife ki,
Rahama