Dutsen Neman Sabis

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Yaya damina a Gwiwa?

Ni lafiya lau. Kada rubutun ya dame ka, da hagu nake yi.

Ka ji ni shiru ne saboda a ƙasar nan da muke haƙar zinariya, minista ya sa an rufe sabis ɗin waya, wai don maganin ɓarayin daji. Ba wanda ya isa ya tambaye shi sai yaushe. Sai kowa ya koma hawa wani dutse da ake samun sabis. Ɓarayin ma sun san dutsen.

Ran Juma'a da hantsi suka rutsa mu a can. Suka harbe abokina Zubair na Roni, waya na kunnensa. Ni sara aka kawo mini, na kare da hannun dama. Waɗanda ke ƙasa suna jin ihunmu, ga waya a hannu, ba halin kiran ɗauki.

Na ji majalisarmu na muhawara kan dokar sadarwa. Don Allah Yaya, ka samu wakilinmu a Kazaure, ka ce kada a bar makullin rufe sabis a hannun mutum ɗaya. Ka ba shi labarin Zubair.

Ka je Roni ka yi wa iyayensa gaisuwa. Inna kuwa, ka ce aiki ne ya riƙe ni. Kada ta san ita na hau dutsen in kira.

Ƙaninka,
Musaddiƙ