Ranar Haƙa Kabarin Hubert

Litinin, 3 ga Maris
Mijina Hubert ya tafi ya bar ni da aiki, kamar yadda ya saba. Asabar za a haƙa kabarinsa a bayan gida. Maza za su zo da shebur da ƙishirwa, kuma ba a haƙa babu farar giyar rake. A danginsu babban ɗa ke buɗe kwalbar farko, ya zuba wa ƙasa, ya kurɓa, ya miƙa. Babban ɗan kuwa Linval ne. Linval ɗina, da likita ya ce hantarsa ba za ta ƙara ɗaukar ko cokali ɗaya na giya ba. Tun bara bai taɓa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Kerrisha 'yar Linval ta iso daga birnin Kingston da kwali. Wai ruwan inabi ne, babu barasa ko ɗigo, sai ɗan wiwi a ciki. Don ubanta ya samu abin riƙewa.
Na ce ni da nake gaba-gaba a mawaƙan coci, gidana ne zai yi warin ganye?
Ta ce, "Kaka, wanda kike jiƙawa kina shafa wa gwiwa fa, alayyafo ne?"
Mara kunya. Ni ta gado.

Alhamis, 6 ga Maris
Linval bai ci abinci ba. Na same shi tsaye gaban kwalaben giyar, hannuwa a aljihu.

Juma'a, 7 ga Maris
Cleve ƙanin Hubert ya ji labari. "Matar yaya, da ruwan 'yan mata ɗa zai sallami ubansa?"
Na ce ya kwantar da hankalinsa, ranar tasa kananzir za mu zuba. An yi dariya. Linval bai yi ba.

Asabar, 8 ga Maris
Cleve da kansa ya danƙa wa Linval kwalbar. Ya buɗe. Daga inda nake juya romon akuya na ji warin, balle shi. Ya zuba wa ƙasa, sai ya tsaya, kwalbar a daidai ƙirjinsa, maza duk sun zuba ido.
Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Na ga kaina a gefensa da kofin Kerrisha, ina cewa, "Kawo nan, ɗan nema, ni na fi ka sanin ƙishirwar ubanka."
Na karɓi kwalbar, na miƙa masa kofin. Na kurɓi giyar, ta ƙone ni har cibiya. Shi ya sha nasa. Cleve ya tofar da yawu, ya ɗauki shebur.

Lahadi, 9 ga Maris
Jiya Linval ya yini yana yi wa akuya murmushi. Ban ce abin ya yi mini ba. Ko musanya wata igiyar muka yi da wata, Allah masani.
Matar fasto ta tambayi abin da ke cikin kwalin. Na ce inabi.
Da zai kai Kerrisha tasha, ni na miƙa masa makullin mota, wanda a da ba na yarda ya riƙe.