Tsamiyar da Baffa Iro ya sare

Jibiya, daren Laraba

Yau na je yi wa Baffa Iro jaje, kuma Allah ya sani da murna na je.

'Yan kwamitin gyaran iyakar mazaɓu sun ce mutanen Gangara sun yi yawa, sai an yanki wasu an ƙara wa Bugaje. Suka nemi alamar da kowa ya yarda da ita, dattawa suka ce tsamiyar gonarmu. Aka je, babu tsamiya. Ai Baffa Iro ne ya sare ta shekarar da Baba ya rasu, don gonarsa ta haɗiye kunyoyinmu. Da ba su ga itace ba sai suka bi korama, gidansa ya faɗa Bugaje.

Mutumin da ya ƙarar da takalmansa yana zaryar suna da jana'iza a Gangara saboda kujerar kansila, yanzu ko ƙuri'arsa ba ta can. Bugaje kuwa suna da nasu ɗan takarar.

Na same shi kan tabarma, hula a gwiwa. Na durƙusa na ce, “Baffa, ya ƙarin haƙuri?”

Ya kama hannuna. “Ɗana, ka san wurin. Ka zo gobe ka nuna musu kututturen.”

Na ce, “Wane kututture, Baffa? Ai kai ka rantse gaban mai gari ba a taɓa yin tsamiya a can ba.”

Na san wurin sarai. A gindinta Baba yake shan fura. Gobe da sassafe zan ɗauki fartanya in je in ƙara binne kututturen da ƙasa.