Tauraron Kifi

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya Ikko da bikin 'yancin kai? Mu nan Bagudo sai haƙuri.

Madalla da jaridar da ka aiko mai duban taurarin Turawa, lallai ilimi ya ci gaba. Ƙanenmu Bawa ya karanta cewa tauraronsa Kifi ne, ruwa abokinsa ne wannan mako. Masunta suka ce masa kogi ya cika, ya dakata da tafiya. Ya yi musu dariya, ya tura kwalekwale zuwa kasuwar Lolo. A gonakin shinkafar Kaoje aka tsinci gawarsa.

Ku sa shi a addu'a. Inna ta daina cin abinci. Ka gaida mai ɗakinka.

Amma Yaya, ranar haihuwar tasa ai hedimasta ne ya ƙaga masa. To, tauraron wa ya bi?

Ƙanenka,
Umaru